Wanda Ke Ciyar Da Mawaƙi Shi Ke Da Bakinsa



A ƙarshen watan Fabrairun 2025 wata ƙungiyar makaɗa ta mutum huɗu, uku 'yan Nijar ɗaya Ba'amurke, ta fitar da sabon kundin waƙoƙinta mai suna Tears of Injustice, wato Hawayen Zalunci. Kafin shi, ranar 3 ga Mayun 2024, sun fitar da Funeral for Justice, Jana'izar Adalci ke nan da Hausa. Ana kiran ƙungiyar Mdou Moctar, da laƙabin jagoranta Mahamadou Souleymane, wani Ba'abzine bahago mai kaɗa jitar lantarki. Kiɗansu shi ne wanda Turawa ke kira rok: jita biyu masu ƙara, jita ɗaya mai kaurin murya, sai ganguna. Kowa da hannunsa yake bugawa, babu kwamfutar da ke yi musu aikin.

Na san abin da wani zai ce in ana karanta wannan a majalisa bayan la'asar. Zai ce, to mu ina ruwanmu da kiɗan Buzaye? Ai kuwa da ruwanmu, har da tsakinmu. Wannan mutumin da yau ake cika masa wuraren wasa a Amurka da Turai, kundinsa na farko mai suna Anar a Sakkwato ya ɗauke shi, a shekarar 2008, a situdiyo irin namu, da kiɗan na'ura irin namu, da abin nan mai sa murya rawa wanda mawaƙan finafinan Hausa suka saba da shi. A murhunmu ya ɗebi wuta. Shekara goma sha bakwai bayan nan, ga shi yana kiran sunan Faransa a waƙa yana faɗa mata laifinta, su kuwa da yawa daga cikin namu suna ƙofar gidan ɗan takara suna jiran a fito.

Maganata guda ɗaya ce, kuma ba zan yi ta kewaye-kewaye ba: wanda ke ciyar da mawaƙi shi ke da bakinsa. Mu masu sauraro mun daina ciyar da namu, 'yan siyasa suka ɗauke su, sannan muka koma gefe muna zaginsu da kwaɗayi. Laifi tudu ne, mun take namu muna hango nasu.

Bari mu fara da yadda shi wannan bawan Allah ya taso, don kada a zaci ɗan gata ne. Ɗan yankin Abalak da Cintabaraden na jihar Tawa ne, ya girma a gidan da ba a son kiɗa, kamar dai gidaje da yawa a unguwar nan. Ba wanda ya saya masa jita. Katako ya samu da wayar birkin keke ya haɗa tasa. Da ya dawo daga Sakkwato ma ba a buga kundin nasa an kai kasuwa ba. Waƙoƙin sun yi ta yawo ne daga waya zuwa waya, ta memori da Bluetooth, daga Nijar har Mali. A can ne wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai ƙaramin kamfanin Sahel Sounds, ya tsinci ɗaya daga cikinsu, ya sa ta a wani kundi na waƙoƙin da ya tattaro daga wayoyin mutanen Sahara a 2011, sannan ya bi sawu har ya gano mai ita. Daga baya Mdou ya kafa ƙungiya sosai, da Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, Souleymane Ibrahim a ganguna, da Mikey Coltun mai jita mai kaurin murya wanda kuma shi ke haɗa musu sauti. Sun fitar da Ilana a 2019, sannan Afrique Victime a 2021 a ƙarƙashin Matador, kamfanin waƙa mai zaman kansa a Amurka.

Me suke faɗa a kundin Jana'izar Adalci? Akwai waƙar da suka yi wa Faransa kai tsaye, sunanta ma Oh France. Duk wanda ya san Nijar ya san inda aka dosa. Tun daga 1971 an shekara da shekaru ana haƙar yuraniyom a Arlit ana kai wa Faransa tana kunna wutarta, alhali yawancin ƙauyukan Nijar ba su san lantarki ba. Akwai waƙar da ke kiran Abzinawa su riƙe harshensu na Tamashek kafin Faransanci ya haɗiye shi. Akwai wadda ke tuhumar shugabannin Afirka da kansu. Sun gama ɗaukar kundin kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kifar da Mohamed Bazoum, don haka ba wanda zai ce sun ga inda iska ta kaɗa ne suka bi. Juyin mulkin ma ya same su suna yawon wasa a Amurka. Aka rufe iyakoki, suka maƙale a can ba halin komawa gida, har masoyansu suka yi musu karo-karo. A wannan zaman jiran ne suka shiga situdiyo suka sake ɗaukar waƙoƙin da jitar da ba ta lantarki ba, cikin sanyin murya. Shi ne wannan sabon kundi na Hawayen Zalunci.

To, a ina mutum ke samun bakin da zai yi irin wannan magana? Wasu za su ce jarumta ce. Jarumta na nan, amma jarumi ma yana cin tuwo. Tambayar ita ce wa ke ba shi tuwon. A Agadas makaɗan jita da biki suke ci. Ana ɗaurin aure ko suna, sai a kira ƙungiya, a shimfiɗa tabarmi, a tayar da janareta, a yi wasa, a biya su. Akwai wata ƙungiyar 'yan'uwan juna a garin mai suna Etran de L'Aïr, Taurarin Abzin, da suka fara tun 1995 da jita guda ɗaya da ƙwarya kife a cikin ruwa ana bugunta da takalmi, irin dai kiɗan ruwan da matanmu suka sani. Bukukuwan talakawa suka riƙe su shekara da shekaru kafin duniya ta san da su, kuma a 2024 su ma sun fitar da sabon kundi. A Yamai akwai Tal National, wadda wani alƙalin kotu, Hamadal Issoufou Moumine da aka fi sani da Almeida, ya kafa. Suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, suna wasan sa'o'i biyar a dare ɗaya, kuma da babu kamfanin da zai rarraba musu faifai sai suka riƙa sayarwa da kansu a shataletalen birnin. Waɗannan duk jama'a ce ubangidansu. Ɗari biyar ɗin wannan, dubun wancan, da haka tukunya ke tafasa.

Yanzu mu dawo gida mu duba yadda mawaƙin Hausa ke ci a Najeriya. Da can akwai kaset, daga baya aka koma faifan CD. Mawaƙi zai yi waƙa, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai a Kano su saya su buga, a kawo har nan Keffi a sayar. Ko ba yawa, wani abu yana komawa hannunsa. Wannan kasuwa ta mutu. Wa ya kashe ta? Mu ne. Ka je bakin kasuwa ko tasha, ka miƙa wa yaro mai kwamfuta wayarka da 'yan canji, ya cika maka memori da waƙa ɗari biyu. Kuɗin na mai turi ne, ko sisi ba ya isa ga wanda ya yi waƙar. Ranar biki kuma, maimakon a kira makaɗa, sai a ɗauko DJ da lasifika biyu, ya kunna waƙoƙin mutane daga safe har dare, shi ma bai biya kowa ba. Mawaƙin ya biya kuɗin situdiyo, ya biya mai fiyano, ya biya 'yar amshi, ga haya, ga iyali. Ina zai nufa? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ƙofa ɗaya ta rage a buɗe, ita ce ta mai neman kujera. Wanda kuwa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Kada wani ya ce mini talauci ne ya hana mu biya. A 2020 Dauda Kahutu Rarara ya ce ba zai saki sabuwar waƙar da zai yi wa Shugaba Buhari ba sai masoya sun turo naira dubu-dubu. Mutane suka yi ta turawa, har da masu nuna shaidar biya a Facebook suna alfahari. Shekara uku bayan nan, Buhari ya sauka, shi Rarara ɗin ya kira 'yan jarida ya ce Buhari ya lalata ƙasa kafin ya tafi. Ba shari'ar Rarara na zo yi ba, sana'arsa yake yi kuma ya iya ta. Abin da nake so mu gani shi ne, ashe talaka yana da dubu ɗayan da zai bayar saboda waƙa. Ya bayar don a yabi mai mulki. Ranar da wani yaro ya yi waƙa a kan tsadar masara ko kuɗin makaranta, wannan talakan dai shi ne zai ce a tura masa kyauta.

Akwai masu cewa ai haka muka gada, mawaƙin Hausa tun fil azal da ubangida yake. Wannan rabin gaskiya ne. Ƙwarai Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne, Ɗanƙwairo ma makaɗin fada ne. Amma su waye sauran? Ɗanmaraya Jos, maƙwabcinmu, wanda muka yi zaman jiha ɗaya da shi har zuwa 1996 da aka cire Nasarawa daga Filato, da me ya yi suna? Da kuntigi, ɗan gwangwani da fata da tsirkiya ɗaya, abin da bai fi jitar birkin keken Mdou tsada ba. Ya yi wa karen mota waƙa, ya yi a kan auren dole, ya yi a kan mai akwai da babu. Barmani Choge da ƙwaryarta, matan cikin gida ne suka riƙe ta har ta rasu a 2013. Haruna Uji da gurminsa, Hassan Wayam da kukumarsa, samari da 'yanmata da direbobi ne kasuwarsu. Shata kuwa iyayen gidansa sun yi yawan da babu wanda zai ce shi ya mallake shi, shi ya sa har manya ke tsoron bakinsa. Ba cewa nake waɗannan ba su taɓa yi wa mai mulki waƙa ba. Sun yi. Sai dai in mai mulki ya juya musu baya, akwai dandali, akwai gidan biki, akwai kuɗin ƙofa. Ba za su kwana da yunwa ba. Mawaƙin yau in ɗan siyasarsa ya faɗi zaɓe, shi ma ya faɗi, sai ya nemi wanda ya ci.

Kuma a lura da wani abu. Duk waɗanda na lissafa, kowannensu yana da abin kiɗa a hannu, ko ƙungiyar makaɗa a bayansa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mai kuntigi in an kore shi daga nan, sai ya saɓa abinsa ya koma can ya ci gaba. Wanda kiɗansa ke cikin kwamfutar wani, ba shi da abin da zai nuna a gaban jama'a sai ya riƙe makirufo yana motsa baki faifai na yi. Wa zai biya kuɗin ƙofa don ya kalli mutum yana motsa baki a kan waƙar da ke cikin wayarsa? Ranar da muka ajiye kalangu da goge da garaya da gurmi muka rungumi fiyano ita kaɗai, ranar muka rufe wa mawaƙi hanyar cin abinci daga hannun jama'a. Yau a unguwar nan, yara nawa ne 'yan ƙasa da shekara ashirin za su iya ɗaure tsirkiyar garaya? A ƙirga a gaya mini.

Sai masu cewa jita kayan Turawa ce, kiɗan 'yan iska ne, ba namu ba ne. Haba jama'a! Fiyanon da ake buga mana waƙoƙin biki da na siyasa, a Ƙofar Mata aka ƙera ta? Yawancinsu Yamaha ne daga Japan. Karin waƙoƙin soyayyar da muka shekara talatin muna ji, daga ina aka ɗauko salonsa in ba finafinan Indiya ba? Shi wancan Kirkley ɗin ma a 2013 ya fitar da kundin waƙoƙin finafinan Hausa mai suna Harafin So, kuma abin da ya tallata shi da shi a can shi ne kamanninsa da kiɗan Indiya. Jita kuwa icce ne da tsirkiya, 'yar'uwar molo da garaya. Abzinawa sun karɓe ta sun zuba mata karin kiɗansu na gargajiya, har ta zama tasu. Tinariwen na Mali sun ci kyautar Grammy da ita a 2012. Bombino na Agadas ya shiga takarar wannan kyauta da kundinsa Deran na 2018. Su da muke gani a nan muna cewa masu gadi da masu shayi, 'yan'uwansu ne suka kai kiɗan Sahara inda namu bai taka ba.

Game da hukuncin kiɗa a addini, wannan fagen malamai ne, kuma sun daɗe suna bayani a kai. Wanda ya bar kiɗa gaba ɗaya saboda Allah, ya bar na jita ya bar na fiyano ya bar na kamfen, ina girmama shi, ba da shi nake ba. Da wanda nake shi ne mutumin da zai fasa wa ɗansa jita a tsakar gida, gobe kuma ka gan shi a bayan motar kamfen an ƙure lasifika yana ɗaga hannu ana zagin ɗan'uwansa Musulmi a waƙa. Malam, in kiɗa ne matsalar, ai wancan ma kiɗa ne, har da ƙarin zagi da ƙarya a kai. In kuwa ba kiɗa ba ne matsalar, to a faɗa mana gaskiya: wanda ke kawo kuɗi shi ne halal, wanda ba ya kawowa shi ne iskanci?

Akwai magana ta uku, kuma ita ce mai nauyi. Wani zai ce, shi ma Mdou ɗin ai ya yi ubangida, Turawa ne ke biyansa, kamfaninsa na Amurka ne. Gaskiya ne kuɗin da yake samu yanzu mafi yawansu daga waje suke, kuma abin takaici ne a ce sai ɗan Afirka ya tsallaka teku kafin waƙarsa ta ciyar da shi sosai. Amma a duba bambancin. Mutum dubu ne kowa ya sayi tikitinsa ya shiga. In ɗari sun ji haushin abin da ya faɗa sun fita, saura ɗari tara. Wanda mutum ɗaya ya saya wa mota ya ba shi gida, in wannan ɗayan ya ɓata rai, shi ke nan an gama. Hujja kuma ga ta a fili: a ƙasashen Turawan yake tsayawa yana zargin Faransa da kwashe arzikin ƙasarsa. A nuna mini mawaƙin jam'iyya ɗaya da ya taɓa tsayawa a gaban gwamnansa, yana kan mulki, ya ce ranka ya daɗe asibitin garinmu babu magani.

Ban ce faɗin gaskiya a waƙa ba shi da tsada ba. A watan Fabrairun 1977 sojoji suka ƙona gidan Fela a Legas bayan waƙarsa ta Zombie, suka jefo mahaifiyarsa ta taga, ta rasu a shekara mai zuwa. A 2009 aka kama Aminu Ala a Kano aka gurfanar da shi saboda waƙar Hasbunallahu, da sunan ba ta bi ta hukumar tace finafinai ba. A lokacin tawayen 2007 a arewacin Nijar an ɗauki jita alamar tawaye, Bombino ya yi gudun hijira zuwa Burkina Faso, sai 2010 ya dawo Agadas. Duk wannan ya faru. To amma in mawaƙi zai ɗauki irin wannan kasada saboda mu, mu kuma ko kuɗin ƙofa ba za mu iya ba shi ba, da wane ido za mu kalle shi mu ce ya yi shiru?

Abin waƙa kuwa bai ƙare mana a nan ba. Jiharmu ana mata kirari da gidan ma'adinai. A watan Mayun 2024, watan da Jana'izar Adalci ya fito, aka buɗe masana'antar sarrafa litiyom ta 'yan China a ƙaramar hukumar Nasarawa, maƙwabciyarmu. Tireloli na wucewa da duwatsun ƙasarmu za a je a yi batiran motoci da wayoyi. Tambayar da ɗan Arlit ya shekara hamsin yana yi, ita ce ke jiran ɗan Nasarawa: me zai rage mana in an gama haƙa? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A watan Maris na 2024 ɗalibai mata biyu suka rasu a turmutsitsin rabon shinkafar tallafi a jami'ar jiha da ke nan Keffi. Yaran mutane, an turo su neman ilimi, suka mutu a layin abinci. Ga ma'aikatanmu da ke fita tun kafin asuba saboda cunkoson Mararaba da Nyanya. Ga masu garkuwa da suka hana manomi kwana a gona. A duba memorin wayar kowa a majalisar nan: waƙoƙin 'yan takara nawa ne a ciki, na waɗannan abubuwa kuma nawa? In ma wani yaro ya yi, mu ne ba mu ɗauke ta mun yaɗa ba, don ba wanda ya raba mana kuɗin mai a kanta.

Abin ya fi ciwo da yake Keffi ce. Garin da Magaji Ɗan Yamusa ya ƙi sunkuya wa Bature a 1902, ya kashe Kyaftin Moloney, abin da Turawa suka kafa hujja da shi suka tafi yaƙar Kano a 1903. Kowane yaro a nan ya san wannan labari, muna ba da shi muna ƙafafa. To jikokin masu wannan zuciya ne yau ba su da waƙar da ta wuce wane ya ci, wane ya gaji da haƙuri, wane sai ka yi takwas? Kuma ba kayan aiki muka rasa ba. Ga jami'a cike da matasa daga ko'ina. Ga Abuja tafiyar awa guda in hanya ta yi kyau. Ga maƙwabtanmu Eggon da Mada da Gwandara da Gbagyi da Afo, kowa da gangarsa da bushe-bushensa. Ga yaran coci da ke koyon jita da ganguna tun suna ƙanana, duk Lahadi hannunsu na kan kaya, shi ya sa in ana neman makaɗi a Abuja su ake ɗauka. Tal National ta haɗa ƙabilun Nijar a ƙungiya ɗaya. Me zai hana ɗan Liman Abaji mai murya ya haɗu da ɗan Eggon mai jita da wani dattijo mai kalangu su fitar da abin da ba a taɓa ji ba?

Don kada a ce na yi ta faɗa ban kawo mafita ba, ga abin da nake roƙo, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu a ciki.

Masu biki, ku da kuke kashe dubbai a kan anko da rumfa da kujeru da mai hoto: ku ware wani abu ku kira makaɗa masu bugawa da hannu, ko da na awa biyu ne kafin DJ ya karɓa. Ku yi ciniki da su tun farko ku biya su kamar yadda kuke biyan mai girki, kada ku bar su da jiran liƙi kamar almajirai. Mai kalangun da aka biya sau goma a shekara zai koya wa ɗansa. Wanda ba a kira ba, ɗansa acaɓa zai tafi.

Ƙungiyoyin matasan unguwa, ku da kuke iya haɗa gasar ƙwallo da kofi da alƙalin wasa duk hutun sallah: ku haɗa wasa sau ɗaya a wata uku, da rana, a wuri mai mutunci, da izinin masu unguwa, a tashi kafin magariba. A sa kuɗin ƙofa daidai ƙarfin talaka. Sharaɗi biyu kawai: kowa ya buga da hannunsa ya rera da bakinsa, kuma ba a kiran sunan ɗan takara. In wani honorabul ya ce zai ɗauki nauyin taron duka, ku ce masa mun gode, ya sayi tikiti ya zauna kamar kowa. Ranar da ya biya kuɗin rumfa, ranar hotonsa zai hau rumfar.

Masu tura waƙa a waya, ba na ce ku bar sana'arku ba, ku ma abinci kuke nema. Amma in waƙar ɗan garin nan ce, kun san shi kun san gidansu. Ku yi yarjejeniya da shi, kowane turi a ajiye masa wani abu. Ku da kuke da ƙungiya da shugabanni, wannan ba zai gagare ku ba.

Iyayenmu, Allah ya ƙara girma. In kun ga yaro ya ɗaure waya a jikin gwangwani yana ƙyanƙyasawa, kafin a kai ga bulala a tambaye shi me yake son faɗa. A sa masa ido, a tsare masa sallarsa da karatunsa, a san da wa yake yawo. Wanda aka kora daga gida saboda kiɗa, shi ne ke ƙarewa a inda ake tsoron. Shi wannan Mdou da danginsa suka ƙi abin da farko, yau yana haƙa wa ƙauyukan yankinsu rijiyoyi da kuɗin jitar.

Ku kuma mawaƙanmu matasa, ba a kanku na ɗora laifin duka ba, amma kuna da naku kason. Ku koyi abin kiɗa ko guda ɗaya. Ku nemi tsofaffin da suka rage masu garaya da goge tun ba su tafi da abin da ke kansu ba. Ku haɗu uku ko huɗu ku riƙa gwaji kullum, yadda 'yan ƙwallo ke fita atisaye, har ku kai inda in an ɗauke wuta wasanku ba zai tsaya ba. Kuɗin kamfen shekara huɗu sau ɗaya yake zuwa, kuma waƙar tana mutuwa ranar da aka rantsar. Ɗanmaraya ya rasu tun watan Yunin 2015, har gobe direbobi na jin waƙar karen mota a tasha. Wa ke tuna waƙar ɗan takarar kansila ta zaɓen 2011?

Mai son ya ji abin da nake magana a kai, kundin biyu duk suna YouTube. Ba lallai ka ji Tamashek ba, ba lallai ma kiɗan ya yi maka daɗi ba, wani zai ce ƙarar ta yi yawa. Ka dai saurara, ka tuna cewa mai wannan jitar a Sakkwato ya fara, da kayan da muke da su, kuma waɗanda suka fara riƙe shi masu biki ne talakawa irinmu a garin da ya fi namu nisa da komai. Sannan in an zo bikin gidanku na gaba, ka tambayi kanka wa za ka biya.

Allah ya sa mu gyara. Wassalam.